Ɗanyun bayanan neman halittun wata duniya: ana ɓoye su ne?

Tambaya: Wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne ya aiko da ita. Ya ce: "Malam, na ji an fi shekara sittin ana kasa kunne ga sararin samaniya ko za a ji saƙo daga wasu halittu masu hankali. In da gaske ba su ji komai ba, me ya hana su zuba ɗanyun bayanan da na'urorinsu ke ɗauka a intanet kowa ya duba da idonsa? Ko dai akwai abin da ake rufewa? In kuma ana sakin su, mutum irina mai laftof ɗaya zai iya taɓawa?"

Amsa:

Ɗan'uwa, ai an zuba, kuma an daɗe da zubawa. Shirin da ya fi kowanne girma a wannan fanni shi ne Breakthrough Listen, wanda attajirin nan Yuri Milner ya ƙaddamar a Landan a watan Yulin 2015, marigayi Stephen Hawking na gefensa, da alkawarin dala miliyan 100 cikin shekara goma. Tun a ranar suka ce abin da za a tara na kowa ne. A watan Yunin 2019 suka saki kimanin petabait ɗaya a tashi guda, a Fabrairun 2020 suka ƙaro kusan biyu. Ba kuɗin shiga, ba takardar neman izini, ba mai tambayarka ko kana da digiri. Manhajojin da su kansu suke karanta bayanan da su suna nan a GitHub kyauta.

Amma in na tsaya nan na cuce ka, domin ba a nan gizo ke saƙar ba. Kalmar "ɗanye" ɗin nan da ka yi amfani da ita, ita ce ke buƙatar a zauna a kanta.

Mutane da yawa suna zaton na'urar tana ɗaukar sauti ne, kamar yadda ake ɗaukar wa'azi a waya, sai a ajiye, wanda ya so ya kunna ya saurara. Ba haka abin yake ba. Na'urar hangen nesa ta rediyo ƙaton faranti ce, irin na satalayit da ke kan rufin gidaje, sai dai ta Green Bank da ke jihar West Virginia a Amurka faɗinta ya kai mita 100, ta Parkes a Ostareliya kuma mita 64. Farantin yana tattara igiyoyin rediyo ya tura su wuri guda, su zama wata 'yar wutar lantarki mai rauni da ke hawa da sauka. Sai a riƙa auna ƙarfin wannan wuta sau biliyoyi a kowace daƙiƙa, ana rubuta kowane awo a matsayin lamba. Wannan jerin lambobi shi ne ɗanyen bayani na gaskiya. Ba murya a ciki, ba hoto. In ka mayar da shi sauti, abin da za ka ji shi ne "shuuu" ɗin da akwatin rediyo ke yi tsakanin tasha da tasha.

Yanzu dubi yawansa. Na'urar ɗaukar bayanai da Breakthrough Listen ta girka a Green Bank tana iya rubuta gigabait 24 a daƙiƙa ɗaya. Wayarka mai gigabait 128, kafin ka gama amsa sallama ta cika. Kallon tauraro guda na minti biyar, in aka buɗe na'urar iyakar ƙarfinta, ya haura terabait bakwai. Petabait ɗin da na ambata kuwa gigabait miliyan ɗaya ne. Da za ka sami layin intanet mai gudun megabit 10 a daƙiƙa, wanda ba ya yankewa dare da rana, wuta ba ta ɗaukewa, data ba ta ƙarewa, sai ka shekara 25 kana sauke shi. Kuma wannan petabait ɗin mafi yawansa ba ma ɗanye ba ne, an riga an rage shi.

Ga yadda ake ragewar. Ka ɗauki ɗanyen bayani kamar daman gero ne da aka jibge a masussuka. Ba mai rumbun da zai ɗauke su duka da zangarniya da ƙaiƙayi, ga kuma wasu daman suna ta shigowa kowane dare. Don haka da an gama kallo, kwamfutocin da ke wurin sai su shiga sussuka. Akwai wani lissafi da ke rarraba igiyoyin zango-zango, kamar yadda kowace tashar rediyo ke da nata zangon, ya ce ga ƙarfin da aka samu a wannan zango, ga na wancan, kowanne siririn da bai kai haz uku ba (haz shi ne ma'aunin zango, wato kaɗawar igiya sau ɗaya a daƙiƙa) a mafi laushin tankaɗe, sannan a tara na kusan daƙiƙa 18 a dunƙule shi lamba ɗaya. Ana kuma fitar da wasu nau'o'i biyu masu faɗin zango amma gajeren lokaci, don abin da ke walƙiya ya ɓace. Abin da ya fito shi ake ajiyewa, ɗan kaso kaɗan na abin da aka fara da shi. Sauran, in ba wani dalili na musamman, share shi ake yi a ba wa na gobe wuri. Ba mugunta ba ce, ba rufa-rufa ba ce, faifan ajiya ne ba ya isa.

Ni abin da ke damuna, kuma shi ne ya kamata ya dame ka maimakon zancen ɓoyewa, shi ne ba a mayar da gari tsaba. Da zarar an dunƙule lambobin, akwai abin da ya tafi har abada, musamman yadda igiyar ke karkaɗawa daga ƙiftawa zuwa ƙiftawa, wanda a nan ne saƙo kan zauna in akwai shi. Sannan rariyar da ake tankaɗe da ita, mutane ne suka saƙa ta bisa zatonsu na yadda saƙon zai kasance. Zaton kuwa tsoho ne. A 1959 Giuseppe Cocconi da Philip Morrison suka ba da shawarar a saurari kusa da megahaz 1420 (megahaz ɗaya haz miliyan ɗaya ne), inda iskar haidurojin ke fitar da tata igiyar, tunda duk mai ilimin taurari a ko'ina yake zai san wannan zango. A 1960 Frank Drake ya juya faranti mai mita 26 a Green Bank ga taurari biyu, Tau Ceti da Epsilon Eridani. Tun daga lokacin abin da aka fi nema shi ne sigina siririya ƙwarai, kamar busar sarewa guda cikin hayaniyar kasuwa, domin taurari da gajimaren iska ba sa matse ƙarfinsu cikin zango mai faɗin haz ɗaya ko biyu, na'ura ce ke yin haka. Hujja ce mai kyau. To amma mu kanmu, wayoyin hannunmu na yau ba haka suke magana ba, baza saƙonsu suke yi cikin faffaɗan zango har ya yi kama da hayaniya. In maƙwabtan namu haka suke yi, tsohuwar rariya za ta zubar da su tare da ƙaiƙayi, ba wanda ya sani.

Wannan ne babban dalilin da ya sa nake goyon bayan a buɗe bayanan, kuma a ajiye ɗanyen gwargwadon iko. Ba don a kama wani da ƙarya ba. Don wanda zai zo da sabuwar rariya galibi ba ya cikin ɗakin da aka saƙa tsohuwar.

Kuma an gani a ƙasa. A 2007 wani ɗalibi a jami'ar West Virginia, David Narkevic, yana tona tsofaffin bayanan Parkes na 2001 a ƙarƙashin malaminsa Duncan Lorimer, sai ya ci karo da wata walƙiyar rediyo mai tsananin ƙarfi da ba ta wuce 'yan dubunnan kason daƙiƙa ba. Shekara shida tana kwance a ma'ajiya ba wanda ya kula. Ita ce ta buɗe fanni sukutum, na walƙiyar rediyo masu zuwa daga wasu tarin taurari masu nisa. A watan Agustan 2017 Breakthrough Listen ta kalli ɗaya daga cikin masu maimaituwa, FRB 121102, ta tara kimanin terabait 400 cikin sa'o'i biyar, aka tsinci walƙiya 21 da manhajar da aka saba. Da wani ɗalibin digiri na uku a Berkeley, Gerry Zhang, ya sake bi ta kan bayanan nan dai da ƙirƙirarriyar basira, sai ga wasu 72 da aka tsallake. A farkon 2023 Peter Ma, wanda a lokacin ko digirin farko bai gama ba a jami'ar Toronto, ya fitar da sakamakon sake tace terabait 150 na taurari 820, bayanan da aka riga aka tace aka ce ba komai. Ya fito da sigina takwas masu ɗaukar hankali. An koma an sake kallon taurarin ba a sake jin su ba, don haka ba a ce komai ba ne, amma ka ga rariyar farko ta bar su sun wuce.

Wanda ya fi burge ni ma ba kwamfuta mai ƙarfi ya buƙata ba. A 2019 an ba da rahoton binciken taurari 1,327 na kusa da mu. Sai wani ɗalibi a jami'ar Manchester, Bart Wlodarczyk-Sroka, tare da malaminsa Michael Garrett, suka yi wani tunani mai sauƙi: idan ka nuna faranti ga tauraro guda, ai ba shi kaɗai ke cikin idon farantin ba, akwai na bayansa birjik. Suka ɗauko taswirar taurari ta kumbon Gaia na Turai, wadda ita ma a buɗe take, suka ƙirga waɗanda suka faɗo cikin kowane kallo. Adadin ya tashi daga 1,327 zuwa fiye da 288,000, ba tare da an ƙara kallon ko minti ɗaya ba.

In kana son ganin illar rashin ajiya, dubi siginar da ta fi kowace suna. Daren 15 ga Agustan 1977, na'urar Big Ear ta jami'ar jihar Ohio ta kama wani abu kusa da zangon haidurojin. Kwamfutar wancan zamani ba ta ajiye igiya, abin da take yi shi ne kowace daƙiƙa 12 ta buga harafi ɗaya a takarda mai nuna ƙarfin abin da ta ji: 1 zuwa 9, in ya wuce haka ta shiga A, B, C. Bayan 'yan kwanaki Jerry Ehman yana bin takardun a gida sai ya ga 6EQUJ5, ya zagaye da jan biro, ya rubuta kalmar mamaki a gefe, wadda ta zame wa siginar suna, Wow. Harafin U yana nufin ta ninka hayaniyar da aka saba wajen sau talatin. To shi ke nan fa. Haruffa shida, daƙiƙa 72. Ko akwai saƙo a cikinta, ko babu, takardar ba za ta iya faɗa ba. An sake kallon wurin sau da dama ba a ƙara ji ba, ita kuma Big Ear aka rushe ta a 1998 aka faɗaɗa filin wasan golf a wurin. Kusan shekara hamsin ke nan ana gardama a kan haruffa shida. Da a ce an sami ɗanyen lambobin daƙiƙa 72 ɗin nan, da wataƙila ɗalibi ɗaya ya kashe maganar cikin mako.

An gwada buɗe ƙofa ta hanyoyi dabam-dabam kafin a zo inda ake. SETI@home (SETI shi ne gajeren sunan wannan fanni na neman halittu masu hankali a Turance), wanda jami'ar Berkeley ta fara a watan Mayun 1999, yana yanka bayanan farantin Arecibo na Puerto Rico gutsi-gutsi, kowane gutsure daƙiƙa 107, ya aika wa kwamfutocin mutane su yi lissafi lokacin da masu su ba sa aiki. Mutum fiye da miliyan biyar suka shiga. Sai dai a nan kwamfutarka aka ara, ba idonka ba. Rariyar dai tasu ce. Har ma sai da suka riƙa tura gutsure ɗaya ga kwamfuta fiye da ɗaya, saboda wasu na aiko da sakamakon jabu don sunansu ya hau saman jadawali. Ɗan Adam ke nan. An daina rabon a ƙarshen Maris 2020, farantin Arecibo ya rufta a watan Disambar wannan shekara, ƙungiyar kuma ta shafe shekaru tana tace abubuwa wajen biliyan 12 da kwamfutocin suka tsinto har suka koma kusan 100, waɗanda ake sake dubawa da farantin FAST na ƙasar Sin mai faɗin mita 500.

Jill Tarter ta cibiyar SETI ta so a wuce nan. Da ta ci kyautar TED a 2009, ta yi amfani da damar ta buɗe setiQuest a 2010, aka fara sakin ɗanyun bayanan farantai 42 na Allen da ke Hat Creek a Kalifoniya, tare da manhajar binciken kanta, don masu ilimin sigina a ko'ina su gwada tasu dabarar. Niyya mai kyau, amma shirin bai yi tsawon rai ba. A 2011 ma sai da aka kashe farantan na tsawon watanni saboda rashin kuɗi. Darasin da na ɗauka daga wancan zamani shi ne, jibge fayil a intanet ba shi ne buɗewa ba. In ba ka gaya wa mutum ina farantin ya kalla ba, da ƙarfe nawa, a wane zango, yadda aka jera lambobin, da wace manhaja zai buɗe, to kamar ka miƙa masa littafi ne da rubutun da bai taɓa gani ba. Ana kuma buƙatar mutum mai albashi da zai zauna yana amsa tambayoyin masu saukewa, wannan kuwa shi ne abin da masu ba da kuɗi suka fi mantawa da shi.

Yanzu bari in faɗa maka ɓangaren da masu kiran "a saki komai" ba sa son ji. Duk wanda ya buɗe fayil ɗin nan zai ga sigina. Ba ɗaya ba, dubbai. Kuma a iya abin da aka tabbatar zuwa yau, duk namu ne: tauraron ɗan'adam, jirgin sama, radar, GPS, wayar wani mai wucewa. Green Bank tana tsakiyar yankin da doka ta taƙaita amfani da rediyo tun 1958, amma doka ba ta hana satalayit wucewa ta sama.

Na tuna daren da na fara wannan aiki da kaina. Hoton da manhajar ke zanawa, zango ne daga hagu zuwa dama, lokaci daga sama zuwa ƙasa, duk fuskar dishi-dishi kamar talabijin ɗin da eriyarta ta karkace. Sai ga wani siririn layi mai haske ya ratso daga sama, ya ɗan jirkice zuwa hagu. Jirkicewar nan ita ake nema. Ka san yadda hon ɗin mota ke sauya murya idan ta zo ta wuce ka. Haka igiyar da ta taso daga nesa ke zamewa a hankali daga zangonta, saboda duniyarmu na juyawa da farantin a kanta. Abin da ke zaune a ƙasa tare da farantin, layinsa a miƙe yake sambal. Nawa kuwa a karkace. Gabana ya faɗi, na tashi tsaye, na koma na zauna. Sannan na tuna ban buɗe fayil na biyu ba. Tsarin kallon shi ne minti biyar a kan tauraron da ake so, minti biyar a kauce zuwa wani wuri, a dawo, a kauce, a dawo, a kauce: fayil shida. Abin da ya fito daga tauraron dole ya bayyana a uku ya ɓace a uku. Na buɗe na kaucewa, sai ga layina nan daram, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Satalayit ne yake tafiyarsa. Na kashe kwamfuta na kwanta.

Ƙwararru ma ba su tsira ba. Daga 1998 Parkes ta riƙa kama wata irin walƙiya mai kama da ta nesa, amma da alamun daga kusa take. Shekara goma sha bakwai ana dambarwa. Sai a 2015 Emily Petroff da abokan aikinta suka lura abin ya fi aukuwa wajen lokacin abincin rana. Ashe ƙaiƙayi ne ya koma kan masheƙiya: na'urar ɗumama abinci ce a ɗakin girkin ma'aikata. Idan mai yunwa ya gaza haƙuri ya ɓalle ƙofarta kafin ta tsaya, sai ta yi tartsatsin rediyo na ɗan ƙiftawa, farantin ya cafke.

Wadda ta fi wahalarwa ita ce wata sigina da aka sa wa suna BLC1. A ƙarshen Afrilun 2019 Parkes ta kalli Proxima Centauri, tauraron da ya fi kusa da rana, tafiyar haske ta shekara huɗu da 'yan watanni. Bayanan suka kwanta har watan Oktoban 2020, lokacin da wani ɗalibi mai sanin makamar aiki, Shane Smith, ya tsinci siririyar sigina a megahaz 982. Tana karkata. Tana nan idan an kalli tauraron, ta ɓace idan an kauce, na tsawon sa'o'i. Biri ya yi kama da mutum. Sofia Sheikh ce ta jagoranci bin diddigi, kuma abin da ya warware matsalar shi ne komawa cikin sauran bayanan: ta sami gomman sigina masu irin wannan karkata a wasu zanguna, waɗanda su kuwa ba sa ɓacewa idan an kauce, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da irin agogon da ake sa wa kayan lantarki. Wata na'ura ce a ƙasa take gauraya igiyoyinta. Aka buga sakamakon a watan Oktoban 2021, aka saki bayanan don duk mai ja ya maimaita. Ka lura, wanda ya sauke fayil ɗin da BLC1 ke ciki kaɗai, ba abin da zai hana shi rantsuwa. Sai da sauran fayilolin, waɗanda ba komai a cikinsu a ido, gaskiya ta fito.

Wannan ya kai mu ga zancen ɓoyewa. Ka ɗauki yadda ake ganin wata. Mutum ɗaya ya ce ya gani, ba a buga ganga nan take. Sai an ji daga wasu garuruwa, an tantance shaidu. Nan ma haka ne, har ma ya fi tilas, domin duniya na juyawa. Tauraron da ke saman Ostareliya yanzu, nan da 'yan sa'o'i ya faɗi, sai ka roƙi na Afirka ta Kudu su karɓa, daga nan na Turai ko Amurka. Kafin a tabbatar da komai, mutum ɗaruruwa a ƙasashe da dama sun sani, yawancinsu ɗalibai masu waya a hannu. Ita BLC1, tun a watan Disambar 2020 labarinta ya tsallaka zuwa jaridar Guardian, wata goma kafin masu binciken su gama. A watan Yunin 1997 ma an yi irin haka a Green Bank: sigina ta yi ta cin jarrabawa har kusan kwana guda, ba su gaya wa kowa a hukumance ba, sai ga ɗan jaridar New York Times a waya. Daga baya aka gane kumbon SOHO ne mai nazarin rana. Mutanen da ba su iya riƙe sirrin ƙarya na kwana ɗaya ba, ina za su iya da na gaskiya? Akwai kuma ƙa'idojin da masu fannin suka amince da su a 1989, aka sabunta a 2010, waɗanda suka ce in an tabbatar a sanar da jama'a da masana da Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, a kuma ba da bayanan don kowa ya gwada. Ba doka ba ce, ba mai ɗaure wanda ya saɓa. Amma ka tuna tun 1993 majalisar dokokin Amurka ta yanke kuɗin shirin NASA na wannan bincike, shekara ɗaya kacal da fara shi, aka bar fannin yana rayuwa galibi da kyautar masu hannu da shuni. Mai neman tallafi kullum, in ya sami abin da zai girgiza duniya, ba aljihu zai sa ba.

Ba kuma ina cewa komai a buɗe yake ba. Kowace cibiya da tsarinta. A al'adar nazarin taurari, wanda ya nemi lokacin kallo akan ba shi wa'adin shekara ɗaya ko wata 18 ya ci gajiyar wahalarsa kafin a buɗe wa kowa, kuma ban ga laifin hakan ba muddin wa'adin na ƙarewa. Inda na fi sa ido shi ne sabon salon aiki. A MeerKAT, farantai 64 da ke hamadar Karoo a Afirka ta Kudu, tun ƙarshen 2022 kwamfutocin Breakthrough Listen ke raɓe da binciken wasu: duk inda masu lokacin suka juya farantan, su ma sai su saurari taurarin da ke wurin, da burin kaiwa miliyan ɗaya. Haka ake yi a farantai 27 na VLA a New Mexico. Dabara ce mai kyau, amma ruwan bayanan ya fi ƙarfin kowane rumbu, don haka manhaja ce ke yanke hukunci nan take, ta ajiye ɗan yankin da ke kewaye da abin da ya ja hankalinta, sauran ya wuce. A irin wannan tsari, abin da ya kamata jama'a su matsa a buɗe shi ne ita rariyar: wane sharaɗi aka sa mata, me take zubarwa, kuma a riƙa ajiye wani kaso na ɗanyen ba tare da zaɓe ba, don mai sabuwar dabara ya sami abin gwaji.

Kada kuma shirun shekara sittin ya ruɗe ka. A 2018 Jason Wright da ɗalibansa a jami'ar jihar Pennsylvania sun lissafa abin da aka bincika, in aka haɗa wurare da zanguna da ƙarfin sigina da sauransu, suka ce in duk abin da za a bincika shi ne tekunan duniya, abin da aka duba bai wuce ruwan ƙaramin kwamin wanka ba. Allura ce cikin ruwa.

To kai da laftof ɗinka fa? Za ka iya, in ba ka yi haɗama ba. Kada ka nufi ɗanyen lambobi tukuna, fara da wanda aka sussuka. Ka koyi Python in ba ka iya ba, ka girka blimpy mai buɗe fayilolin, da turboSETI mai neman layuka masu karkata. In data na yi maka tsada, yi aikin a Google Colab: kwamfutarsu ce za ta sauke fayil ɗin, kai hoto kawai zai zo maka. Kuma kada ka fara da tauraro. Akwai fayil ɗin gwaji da kowa ke farawa da shi, bai kai megabait 100 ba, na ranar da aka juya farantin Green Bank ga kumbon Voyager 1, wanda aka harba a watan Satumban 1977. Lokacin ɗaukar yana nesa da mu kimanin kilomita biliyan 20, na'urar aika saƙonsa kuwa ƙarfinta wat ashirin da 'yan kai ne, kamar ƙwan fitilar ɗaki. Buɗe shi, ka matsa kusa da megahaz 8,420. Da farko dishi-dishi kawai za ka gani. Ka ci gaba da matsowa. Za ka ga siririn layi a tsakiya, da wasu biyu a dama da hagu masu ɗauke da saƙon kumbon, duka sun jirkice da ƙasa da rabin haz a kowace daƙiƙa. Wannan ita ce kamannin na'ura mai magana daga wajen duniyarmu, sai dai wannan mu muka ƙera ta.

In ka ga layukan nan uku, sai ka zaɓi tauraro ɗaya a ma'ajiyar, ka sauke fayilolinsa shida cif, ba ɗaya ba, ka jera su sama da ƙasa. Duk layin da ya burge ka a na farko, ka neme shi a na biyu kafin ka kira kowa.